Jaririyar da Ban Tayar Daga Barci Ba

Rannan bayan an tashi aiki, ina wanke hannu, na ji ɗaya daga cikin ɗalibai biyun da aka turo mana koyon aiki tana gaya wa 'yar'uwarta cewa a duk cututtukan ɗakin ido babu mai sauƙi kamar jan kumburin nan da yake fito wa jarirai kusa da ido. Wai ki duba, ki ce wa uwar zai baje da kansa, ki kira ta gaba. Ban musa mata ba, domin kuwa haka aka rubuta a littafinsu, kuma sau da yawa haka ne. Amma maganar ta bi ni har gida. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, firamare na gama sai 'yan kwasa-kwasan da aka tura ni daga baya. Abin da hannuna ya taɓa kawai zan rubuta, domin ku da za ku gaje mu.

Sunana Balkisu. Na shiga ɗakin ido na asibitin Ƙauran Namoda a shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato. Shara da wanke kayan aiki aka ɗauke ni yi. Mai ɗakin wata nas ce, Madam Rifkatu, Kirista 'yar ƙasar Filato, mijinta yana aiki a tashar jirgin ƙasa. Tana jin Hausa sarai, sai dai Hausarta ba ta da kara. Abin da mu za mu kewaya mu faɗa, ita kai tsaye take faɗinsa, ko gaban wane ne.

Jariri na farko da na gani da wannan abu daga Ɗan Isa aka kawo shi, an naɗe masa kai da zane, zanen ya jiƙe da jini. Watansa uku. Wani ɗan tsiro ne ya fito masa a saman gira, ya yi ta girma, sai aka kira wanzami ya tsaga don mugun jini ya fita. Jinin kuwa ya ƙi tsayawa. Madam ta ɗora auduga ta danne da babban yatsa, ta ce in riƙe mata kan yaron. Mun daɗe a haka, har hannuna ya yi tsami, kuma a nan tsaye ta ba ni darasina na farko. Ta ce abin nan ba ƙurji ba ne, babu mugunya a ciki, babu mugun jini. Ƙananan jijiyoyin jini ne suka tsiro da yawa a wuri guda suka cure, kamar saiwar ciyawa a bakin rijiya. Wanda ya tsaga shi, jijiya ya tsaga. Yaron ya rayu, da tabon aska a goshi.

Mutanenmu ba su da suna ɗaya da suke kiransa. In yana ƙarami a ce tawadar Allah. In ya fara tasowa a ce uwar ce ta yi kwaɗayin hanta tana da ciki ba ta samu ba, ta sosa ido. Daga nan sai wanzami. Saboda haka Madam ta aika aka kira mata wanzamin, wani dattijo mai suna Audu. Ya zo da zabirarsa a rataye, ransa a ɓace. Ya ce su sun gaji aska tun kakanta bai san allura ba. Ta ce ta yarda, shi ya sa take so ya zama idonta, tunda duk jaririn da aka haifa sai ya bi ta hannunsa tun daga ran suna, ita kuwa sai wanda aka kawo mata. Ya ce to, ashe dai likita ta san manya. Daga ranar, in ya ga ɗigon ja a fuskar jariri sai ya ce a kai wa matar nan mai faɗa ta Ƙaura, kuma bai ƙara sa masa aska ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tocila, da ɗan siririn gilashin nan da ake ɗiga jini a kai a ɗakin gwaji, da auduga, da wani gwangwanin madara. A cikin gwangwanin akwai ƙwayar gero, da ƙwayar dawa, da wake, da gyaɗa, da busasshen goro. Ba mu da abin ɗaukar hoto, kuma in ka ce wa mutumin ƙauye abu ya kai santimita kaza ba ka gaya masa komai ba. Sai Madam ta ɗauki ƙwaya ta kara kusa da kumburin, ta ce wa uwar, yau dawa ne, in ya zama wake kafin mako biyu ki dawo, kada ki jira. Haka muke rubutawa a kati: gero, dawa, wake. Ba na jin akwai makarantar da ke koyar da wannan, amma ban taɓa ganin uwar da ta kasa ganewa ba.

Ga yadda ake duba shi. Da farko kada ku nemi jan da kuka gani a hoton littafi, wancan a farar fata aka ɗauke shi. A fatar 'ya'yanmu wani kamar ɗanyar hanta yake, wani kamar nunanniyar ɗinya, wani kuma yana can ciki, sai dai ki ga fatar ido ta yi nauyi da ɗan duhu. Ki tambaya ko da shi aka haifi yaron. Irin wannan yawanci ba a ganinsa ranar haihuwa, sai bayan mako biyu ko uku ya ɓullo, ya yi ta gudu a watannin farko, sannan ya tsaya, ya yi shekaru yana ja da baya. Ki taɓa da bayan yatsa, za ki ji ɗumi. Ki danna, yana da laushi kamar jiƙaƙƙen soso. Ki ɗora gilashin ki danne a hankali, jinin zai gudu ya koɗe, ki saki ya dawo. In yaron ya yi kuka, sai ya ƙara cika ya yi duhu.

Akwai masu kama da shi, kuma nan ne ake halaka yara. Wata rana mun fita Zurmi, aka kawo wata jaririya da kumburi mai shuɗi-shuɗi tsakanin ido da karan hanci. Ni har na buɗe gwangwani. Madam ta kama yatsana ta ɗora a kai ta ce in yi shiru in saurara da hannu. Sai na ji yana bugawa, kamar maɗigar jariri. Ta ce wannan ba namu ba ne, da cikin kai yake haɗe, ko tsinke kada a bari ya taɓa shi. A ranar ta rubuta musu takarda zuwa Sakkwato. Haka nan wanda ya yi tauri yana turo ido waje, da wanda ya zo da zazzaɓi da zafi, duk ba a ce musu a je a jira.

Amma babban abin da ta fi nanatawa ba kumburin ba ne. Cewa take, mu ba masu gyaran fuska ba ne, ido muke tsaro. Ido koyon gani yake yi, kamar yadda ƙafa take koyon tafiya, kuma a watannin farko yake koya. In kumburi ya danne fatar ido ya rufe shi a wannan lokaci, to ko daga baya kumburin ya baje, fuska ta yi sumul, idon ya riga ya rasa lokacinsa. Lafiyarsa ƙalau a gani, amma ba ya gani. Saboda haka kumburin da ke goshi ko kumatu ana iya jiransa. Wanda ya rufe ƙwayar ido ko da rabi ne, ba a kwana da shi, sai a tura wurin likitan ido a ba da maganin da zai sa ya sace da wuri. To ta yaya za ki san ya rufe ko bai rufe ba? Sai jariri yana farke. Jariri mai barci duk idanunsa a rufe suke, mai lafiyan da marar lafiyan.

Don haka Madam ba ta duba jariri yana barci. Sai ta ɗalli tafin ƙafarsa da yatsa ya tsala kuka, ta jira ya yi shiru, ta haska tocila ta ga ko ido biyun suna bin haske. In kuma uwar ta zo da tsohuwa, sai ta ce tsohuwar ta fita waje. Kakanni sun tsane ta a kan wannan. Na sha jin suna cewa wagga mata ba ta da imani, ba ta san girman furfura ba. Ni ce nake bin su waje ina ba su haƙuri, ina cewa baƙuwa ce, ba ta san al'adarmu ba. Kuma har cikin raina haka na ɗauka. Ina ganin in da ni ce, zan yi aikin nan ba tare da na ɓata wa kowa rai ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ita ce shekarar da ta fi mini wuya a aiki. Mun yi murna kamar kowane Musulmi, kuma a Ƙaura ban ga wanda ya taɓa Madam ba. Amma labarin tashin hankali yana ta zuwa daga wasu garuruwa, danginsu suna ta aiko musu su dawo, jirgi ma ya kusa daina zuwa, mijin ba shi da abin yi a tasha. Kafin damina suka ɗaure kaya. Audu wanzami har gida ya je da zabi biyu, ya ce wa zai riƙa yi masa faɗa yanzu. Ni ta bar mini tocila da gwangwani. Abin da ta ce mini a bakin mota gajere ne: "Balki, hannunki ya fi nawa. Kunyarki kawai nake tsoro."

Sai aiki ya dawo kaina. A lokacin mata sun fi son mace ta duba su, mazansu ma haka, ni kaɗai ce mace a ɗakin ido. Ga shi masu baburan kabu-kabu sun daina ɗaukar mata, wadda take ƙauye sai ta jira motar kasuwa ko amalanke. Duk wadda ta iso gabana ta sha wuya kafin ta iso. Ranar Alhamis nakan je duba ido a asibitin Shinkafi, saboda ranar kasuwa ce, mutanen ƙauyuka suna samun mota.

Wata Alhamis cikin tsakiyar damina, la'asar ta wuce, akwai sauran mata a layi, aka shigo da wata jaririya daga wani ƙauye a bayan Jangeru. Kakarta ta wajen uba ce ta goyo ta, wata tsohuwa mai fara'a, Inna Kulu. Uwar, Sa'a, yarinya ce siririya, tana biye a baya, ta tsaya jikin ƙofa ta juya fuska ga bango. Da ganin haka na san ɗiyar fari ce. Ku 'yan yanzu ba ku san ƙarfin abin nan ba. A wancan lokaci, a ƙauyukanmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana ciwo, balle a gaban uwar miji. Wadda ta yi, an dinga yi da ita ke nan a bakin rijiya.

Inna Kulu ta kwance goyo ta ɗora a cinya. Sunan jaririyar Rakiya, watanta huɗu, tana barci. Kumburin yana kan fatar idon hagu ta sama. Na yi duk abin da aka koya mini. Na taɓa, ɗumi. Na danna, laushi. Na sa gilashi ya koɗe, na saki ya dawo. Ba ya bugawa. Na kara ƙwaya, ya wuce wake, gyaɗa ne. Na kai hannu wajen ƙafarta, sai tsohuwar ta rufe ƙafar da gefen zane.

"Likita, don Allah kak ki tashe ta. Tun da munka baro gida take kuka, ruwa ya duke mu a hanya. Yanzu tas samu barci."

Na janye hannuna. Na juya wajen uwar na ce, "Sa'a, in ta farka tana buɗe idon nan?"

Ba ta juyo ba. Ta ja bakin mayafi ta rufe baki. Inna Kulu ta yi dariya ta ce in rabu da wannan, me ta sani, ai ko sunan ɗiyar aka tambaye ta cewa za ta yi ba ta sani ba. Ta ce, "Tana buɗe shi mana. Ni ka yi mata wanka safe da maraice."

Na san abin da Madam za ta yi. Za ta ce Inna ta fita, ta ɗalli ƙafar yarinya. Amma tsohuwar ta kai sa'ar mahaifiyata, ta jiƙe da ruwa, tana ta sa mini albarka. Kuma na ga in na matsa wa Sa'a ta yi magana a gaban surukarta, na kunyata ta. Na ce a raina ai ni 'yar gida ce, na san abin da ya kamata. Sai na ce musu ba abin tsoro ba ne, kada a tsaga, kada a shafa komai, zai baje da kansa. Tsohuwar ta tambaya yaushe za su dawo. Na tuna hanyarsu, da gulbi, da rashin mota, na ce in ba wani abu suka gani ba, sai bayan kaka ma ya isa.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Da suka miƙe za su fita, haske ya faɗa fuskar Inna Kulu, na ga yanar ido ta rufe mata ido biyu, fari fat a dama, hagun ma ya kusa. Har na ce mata ita ma ta zo a duba ta in an zo aikin yanar ido. Ta ce ita da ta kusa kabari me za ta kalla. Muka yi dariya. Na ga idonta da idona, na san ba ta bambance fuskar mutum sai ya matso, amma ban haɗa wannan da shaidar da ta ba ni ba. Ba ƙarya ta yi mini ba. Abin da take zato ta faɗa.

Ba su dawo bayan kaka ba, ni ma aiki ya sha kaina na manta.

Bayan shekara tara, ina Ƙaura, wata mata ta shigo da yarinya da wani tsohon kati a naɗe cikin leda. Rubutuna ne a kai. Na rubuta gyaɗa, na rubuta laushi, na rubuta kada a tsaga. Wurin da ake rubuta ko ido yana bin haske babu komai. Sa'a ce, ta zama babbar mace, Inna Kulu ta rasu bara waccan. Rakiya kuwa ta yi kyau, kumburin ya baje kamar yadda na ce, sai 'yar tattarar fata da ba a lura da ita. Malamin makarantarsu ne ya ce tana karkata kai in tana duba allo, kuma sau biyu keke yana buge ta, duk ta gefen hagu.

Na zaunar da ita na rufe idon hagu, ta ƙirga yatsuna daga ƙarshen ɗaki. Na rufe na dama. Na ce uwar ta tsaya gabanta, taku uku. Na ce, Rakiya, wa ke gabanki? Ta ce tana ganin duhun mutum. Na haska tocila, idon garau, ba yana, ba tabo, ba abin da za a cire ko a wanke.

Na ce yarinyar ta jira a waje. Ban san ta inda zan fara ba, sai Sa'a ce ta fara, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malama, ni na san ba ta buɗe shi. Tun tana wata biyu bai ƙara buɗewa ba. In an bar mu ɗaki mu biyu, ni kan ɗaga hwatar da yatsa in ga ko idon shina nan."

Na ce me ya hana ta faɗa mini, ko da yake na san amsar.

"Gaban Inna?" Sannan ta ƙara da cewa, "Na so ki ƙara tambaya ta. Sau guda kinka tambaya."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce na cuce ta ba. Da na ce ta yafe mini, cewa ta yi haka Allah Ya rubuta, kuma ita ma tana da baki ranar. Na tura su Sakkwato duk da haka. An rufe mata idon dama na wasu watanni ko na hagun zai farka, bai farka ba. Likitan ya rubuto cewa an makara.

Na yi niyyar rubuta wa Madam in gaya mata, na yi ta ɗagawa. Bara ɗanta ya aiko cewa ta rasu. Gwangwanin yana nan a aljihun teburina, na sake ƙwayoyin ciki ban san sau nawa ba, ƙwari suna cinye su.

Yanzu an sami sauƙi. Akwai maganin sha da likitoci ke bayarwa, kumburin ya sace cikin makonni, kuma kowa yana da waya mai hoto, ba a bukatar gero da dawa. Amma maganin ba ya zuwa wurin yaron da aka ce wa uwarsa ta je gida ta jira. Kun ji tsofaffi a bakin ƙofa suna cewa Malama Balkisu ba ta da kara, tana korar manya waje, tana sa jarirai kuka. Gaskiya suka faɗa. Ku ma in kun zauna a kujerar nan, ku bari a faɗa a kanku.

Ranar da Sa'a da Rakiya suka fita daga ɗakina, na bi su da kallo ta taga har bakin titi. Babura suna ta wucewa. Sai na ga uwar ta zagayo ta koma gefen hagun yarinyar, ta dafa kafaɗarta, suka tsallaka a haka. Wata mai sayar da fura da ta san su ta ɗaga murya tana tsokana, wai Sa'a ba kya jin kunya, ɗiyar fari a hannu tsakiyar kasuwa. Ba ta waiwaya ba, kuma ba ta saki kafaɗar ba.